Ɗamarar maharbi a kan bishiya: daga ƙasa ake ɗaura ta

A Amurka, idan kaka ta kama aka buɗe farautar barewa mai farar jela, maharba da yawa ba sa bin sawu a ƙasa. Mutum yakan hau bishiya tun da asubar fari, ya zauna kan wata 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin itacen, mita 5 ko 6 daga ƙasa, inda barewa ba ta saurin ganinsa ko shinshino warinsa. Mai kallo daga nesa zai ɗauka bindiga ce abar tsoro a wannan sana'a, amma alƙaluman asibiti kujerar suke nunawa. A 1989 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba da rahoto kan jihar Jojiya: cikin raunuka 594 da maharban barewa suka samu a shekara goma, 214 a kan wannan kujera suka auku, mutum 17 suka rasu. A 2010 kuma likitocin Jami'ar Jihar Ohio suka duba majinyata 130 da farauta ta kai asibiti, suka tarar rabinsu faɗowa suka yi, waɗanda harsashi ya samu ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Wanda ya suɓuce daga mita 6, cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai zai isa ƙasa da gudun kusan kilomita 39 a sa'a, ba damar ko kama reshe. Kashin baya, ƙugu da kai su suka fi shan wuya, idan kuwa laka ta taɓu, ƙafafu na iya shanyewa har ƙarshen rai. Ga shi maharbin shi kaɗai ne a dokar daji cikin sanyi, wataƙila sai dare ya yi iyalinsa su fara cigiya.

Maganin sananne ne: ɗamarar da ke kama kafaɗu, ƙirji da cinyoyi, mai igiya a bayan wuya da ake ɗaurewa a bishiya. Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru suke haɗa ta da duk kujerar da suka sayar, saboda haka rashinta ya daina zama uzuri. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin ɗaura ta. Maharba da dama sai sun isa sama sun zauna daram sannan su maƙala igiyar, alhali galibin faɗuwa wajen hawa take faruwa, ko wajen sauka, ko lokacin ɗaga ƙafa daga tsani zuwa kujera, cikin duhu, da takalmi mai laka da matakala mai raɓa ko ƙanƙara. A ganina wanda ya yi haka ya tsare kansa ne a wurin da haɗarin ya fi ƙanƙanta. Abin da ya dace shi ne doguwar igiya daga saman kujera zuwa gindin bishiya, da ƙullin Prusik a jikinta, wanda mahayin duwatsu ɗan Ostiriya Karl Prusik ya fito da shi a 1931. A jikin ƙullin ake maƙala ɗamarar tun daga ƙasa; hannu na iya zame shi sama ko ƙasa, amma da nauyi ya faɗa masa sai ya cije. Bindiga kuma a cire mata harsashi, a jawo ta da wata igiyar bayan an zauna.

Masu ja da wannan suna da hujja ɗaya mai nauyi: ɗamarar ma tana kisa. Gaskiya ne. Tsohon bel ɗin ƙugu yakan kife mutum ko ya zame ya shaƙe masa ƙirji, shi ya sa aka daina ba da shawarar amfani da shi. Ko da sabuwar ɗamara, wanda ya daɗe yana reto ba motsi jini na taruwa a ƙafafunsa, ya suma, har ta kai ga mutuwa. Sai dai mai reto yana da 'yan mintocin da zai yi dabara, wanda ya daki ƙasa kuwa ba shi da su. Idan an ɗaure igiyar sama da kai ba tare da sako-sako ba, faɗuwar gajeriya ce, yana iya komawa kan kujera ko tsani. Akwai kuma wani maɗauri da ake takawa a miƙe don jini ya ci gaba da zagayawa, muddin yana aljihun gaba tare da waya, inda hannu zai kai.

Sauran hujjojin, cewa tana takura ko an shekara talatin ana hawa lafiya, sabo ne turken wawa. Gyangyaɗi da tsinkewar maɗaurin da rana ta cinye ba ruwansu da ƙwarewa. Batun 'yancin mutum na ƙin ɗaura ta ya fi wuya, don hukuma ba za ta bi mutum gonarsa ta duba ƙirjinsa ba. Jihar Alabama ta wajabta cikakkiyar ɗamara a dazuzzukan farauta da ke hannunta, iyakar inda dokar ta tsaya ke nan. Hanyar da ta rage ita ce ajin koyar da farauta, wanda jihar New York ta fara wajabtawa a 1949 saboda haɗarin bindiga. A wannan aji ya kamata a sa ɗalibi ya hau tsani a ɗaure, ya gwada reto kusa da ƙasa a gaban malami, kafin a ba shi takardar shaida.