Shiru Ba Yarda Ba Ne: Mujallar da Ke Sabunta Kanta da Hanyar Karɓo Kuɗinka

A zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, cikin shekarar 1939, ciniki tsakanin mai jarida da mai karatu a fili yake: ka miƙa kwabonka, a miƙo maka takardarka, ran da ba ka miƙa ba kuwa babu mai bin ka bashi. Yau al'amari ya juya, domin mujallu da jaridun duniya masu yawa, na takarda da na intanet, sun koma ga wata ƙa'ida wadda a cikinta, matuƙar mutum ya taɓa ba da lambar katinsa na banki sau ɗaya, to, za a yi ta cire masa kuɗi duk wata ko duk shekara, har ran da ya buɗe baki ya ce ya isa.

Wannan dabara a Amurka ta girma, kuma ta riga intanet zuwa duniya da shekaru masu yawa. Wani kamfanin sayar da littattafai ta gidan waya, Book-of-the-Month Club, wanda aka kafa a 1926, ya shahara da aika wa masu rajista sanarwar littafin wata, wanda duk bai mayar da takardar yana cewa ba ya so ba, sai littafi ya iske shi tare da takardar biya. Da ƙorafi ya yawaita a kan masu irin wannan sana'a, hukumar kula da ciniki ta ƙasar, watau FTC, ta shimfiɗa musu ƙa'ida a 1973. Zuwan katin banki ne ya kai abin matuƙa, saboda a da sai mai saye ya tashi ya biya, yanzu kuwa yana barci ake ɗauka, sai da asuba ya ga alat a wayarsa, an cire masa dala kaza an lissafa da naira, don mujallar da ya yi wata biyar bai buɗe ba.

Malaman fiƙihu sun gina ingancin bai'i a kan yardar ɓangarori biyu, sun kuma yi hani ga garari, watau cinikin da mai saye bai san iyakar abin da ya ɗaukar wa kansa ba. In an bayyana sharaɗin sabuntawa ɓaro-ɓaro, mutum ya gani ya amince, lalle sharaɗi ya hau kansa, kuma sabuntawar ma tana da maslaha ga wanda ba ya son karatunsa ya yanke. Shubuha tana shigowa ne inda aka rubuta "wata ɗaya kyauta" da manyan baƙaƙe, sa'an nan can ƙasa, da rubutu ƙanana wanda sai an ƙura ido, aka ce bayan watan za a koma cikakken farashi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma shirun wanda bai san an tambaye shi ba, ba ya zama hujja a kansa.

Wanda ya yi nufin fita, farkon abin da ya wajaba gare shi shi ne ya gane ta ƙofar da ya shiga, gama ta nan kaɗai ake fita. Sunan da ya fito a takardar bayanin asusun banki kusa da kuɗin da aka cire, shi ne mai karɓa, kuma ba kullum ne yake zama mai mujallar ba: wani lokaci dillali ne mai sayar da rajistar mujallu iri-iri, wani lokaci Apple ne ko Google Play, in ta manhajar waya aka yi rajista. Mutane da yawa sukan goge manhajar su zaci sun rabu da ita, alhali kuwa rajistar tana nan daram a cikin asusunsu na Apple ko Google, kuma sai an shiga can an kashe ta. Mai karɓar mujallar takarda kuwa ya duba ɗan farin tambarin da aka manna a bango, inda aka buga sunansa da adireshinsa, domin galibi a nan ne lambar rajistarsa take, tare da watan da wa'adinsa zai ƙare.

Sa'an nan a rarrabe tsakanin buƙatu biyu. Akwai tsayar da sabuntawa, wadda ma'anarta a bar mutum ya ci abin da ya biya har wa'adi ya cika, kada a sake cirewa. Akwai kuma sokewa nan take tare da neman a mayar da kuɗin fitowar da ba a aiko ba tukuna. Masu mujallar takarda da dama sukan lissafa ragowar su mayar, na intanet kuwa sun fi tsayawa a kan ta farko. Kowacce mutum ya zaɓa, ya faɗe ta a rubuce, ta imel, da kwanan wata da lambar rajista, ya nemi a aiko masa da shaidar sokewa, ya adana ta; in kuma an biyo shi da tayin rangwame, kamar yadda aka saba, ya maimaita maganarsa ba tare da ja-in-ja ba. Toshe kati kaɗai yana iya tsayar da kuɗi, amma ba ya warware alkawari.

In an cire kuɗi bayan sokewa, aka nemi kamfani ya ƙi saurare, sai a kai ƙara banki da shaidar a hannu, a nemi ya ƙalubalanci cirewar ta hanyar kamfanin katin, kuma a hanzarta, gama abin yana da wa'adi. Wata dokar Amurka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 ya yi jayayya a rubuce. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 na janyewa a yawancin mu'amaloli, Jamus kuwa tun Yulin 2022 ta wajabta sanya maɓallin sokewa a shafin kamfani. A Amurka FTC ta fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025. Duk da haka a Satumban shekarar kamfanin Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta ƙarar da hukumar ta kai shi a kan rajistar tsarinsa na Prime.

Mai karatu a Nijeriya, ko bai taɓa sayen mujallar waje ba, ya san ɗanɗanon abin daga katin waya da ke zurarewa saboda labarai ko kiɗan kira da ke sabunta kansu. Hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar ƙorafi 622, ƙarar da banki ya kasa warwarewa ana ɗaukaka ta zuwa Babban Banki, sauran mu'amaloli kuwa akwai hukumar kare masu saye ta FCCPC. Sai dai rigakafi ya fi magani: ran da mutum ya yi rajista, a ranar ya kamata ya nemi inda ake kashe sabuntawa ya kashe, domin in mujallar ta cancanci kuɗinsa, zai koma ya biya da kansa, bisa sani da niyya.