Jerin “haramtattun kalmomi” na JavaScript: inda saƙon zai kai ku ya baro

Wani saƙo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na masu koyon gina shafukan intanet. Yana ɗauke da dogon jerin kalmomin da wai JavaScript ya hana a raɗa wa mazubin bayani, sannan ya rufe da cewa duk sunan da ba ya cikin jerin halal ne, a yi amfani da shi hankali kwance. Wanda ya haɗa shi bai sa suna ba, kuma da gani bai taɓa zama ya gwada abin da yake koyarwa ba. An ce a tura wa wasu, jama'a kuwa sai turawa suke yi.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa. Gaskiya ne akwai keɓaɓɓun kalmomi irin su if, for, while, return, function da class, waɗanda harshen ya riƙe wa kansa. Gaskiya ne kuma suna ba ya farawa da lamba, ba ya ɗaukar karan ɗori a tsakiya, domin alamar ragi ce a lissafi. Wanda ya karya ɗayan waɗannan, burauza za ta ƙi gudanar da fayil ɗin gaba ɗaya, ta rubuta masa SyntaxError da lambar layin. Kuskure ne mai ihu, ba ya kwana.

Sauran kuma tarkace ne. Kalmomin int, char, byte, long da goto da suka cika jerin, daga bugu na uku na ƙa'idar ECMAScript na 1999 aka kwaso su, kuma bugu na biyar ya sake su tun 2009. Batun da saƙon ya kawo cewa haruffa masu ƙugiya suna lalata shiri ƙarya ne: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ duk haruffa ne a Unicode, let kuɗi = 500 yana aiki daram. Waƙafin sama na 'yar ne kawai ba ya shiga suna. Maganar cewa keɓaɓɓiyar kalma tana buɗe wa masu kutse ƙofa kuwa, shirin da ya ƙi tashi ma wace ƙofa zai buɗe?

Jumlar ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, wato cewa duk abin da ba ya cikin jeri lafiya lau ne. A nan ne ake cutar mutane.

Tun da Brendan Eich ya ƙirƙiri harshen a kamfanin Netscape a 1995, shirin da ke gudana a burauza yana zaune ne cikin wani babban abu mai suna window. Kamar tsakar gidan haya yake: ka tare da kayanka, amma ka tarar mai gida ya riga ya jera nasa tulunan, kowanne da sunansa. Akwai name, status, location, top, history da sauransu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake keɓaɓɓiyar kalma, don haka ba za ku gan su a jerin ba. Amma idan ka rubuta var a wajen kowane aiki (function) ka ba shi ɗayan sunayen nan, ba sabon mazubi ka yi ba, cikin na burauza kake zubawa, shi kuma yana da tasa dokar.

Ga misalin da ya fi ba ni tsoro. Matashi yana gina shafin karɓar kuɗin rajista, ya rubuta var status = false don nuna cewa ba a biya ba tukuna. Mazubin status na burauza rubutu kaɗai yake karɓa, sai ya juya false ya koma kalmar “false” a rubuce. A JavaScript kuwa duk rubutun da ba fanko ba ana ɗaukarsa a matsayin i. Da an zo if (status), sai shafin ya nuna an biya. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, babu komai.

Haka name yake. Ka zuba masa 5, ka ƙara 1, ka samu 51 maimakon 6. Ka zuba masa jerin sunayen ɗalibai, ya haɗe su su zama dogon rubutu guda. Shi kuwa var location = "Kano" kwashe mai ziyara yake yi daga shafin, burauza ta tafi neman wani shafi mai suna Kano. Ko a fom ma, wanda ya sa wa maɓalli sunan submit ya danne aikin form.submit() na asali.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yarda da saƙon. Mai koyo yana son doka gajera da zai haddace, kuma da yawa a Node.js suke gwaji, inda babu window, don haka status ɗinsu yana nan a false kamar yadda suka zuba. Sai an ɗora a burauza abin ke juyewa, su yi ta zargin waya ko intanet. Wanda ya tsara jerin ya yaɗa shi da sunan ilimi, shi ne da alhakin ɓata musu dare.

Maganin ba haddar wani sabon jeri ba ne. Ku bar var, ku koma let da const da suka zo a 2015. Da su, let status = false yana zama yadda aka zuba shi, let location kuma burauza za ta ƙi shi nan take, a bayyane. Ku riƙa sa shirinku cikin aiki, ko ku ɗora shi da type="module", domin a can sunayenku ba sa hawa kan window. Ku kuma zaɓi suna mai faɗin aikinsa, anBiya ya fi status nesa ba kusa ba.

Wanda bai gamsu ba ya buɗe burauza a kwamfuta, ya danna F12, ya rubuta var status = false, sannan typeof status, ya ga amsar da idonsa. Idan saƙon ya sake shigowa zaurenku, don Allah kada ku tura shi gaba.