Maganin Ciwon Ƙasa a Komin Renon Tumatir

Ya ku manoma da dagatai, sau da yawa mai lambu yakan ga tumatirinsa ya yi yaushi, alhali kuwa ya sha ruwa. In ya tumɓuke guda, sai ya tarar saiwar ta yi ƙulu-ƙulu. Wannan aikin wata tsutsa ce wadda ido ba ya ganinta. Akwai kuma ƙwayoyin cuta masu toshe hanyar ruwa a cikin kara. Duka biyu cikin ƙasa suke zaune. In sun kama iri tun a komin reno, mai dashe da hannunsa zai raba su cikin lambu duka, wahalar shekara ta tafi a banza.

A shekarar 1976 Jaacov Katan da abokan aikinsa a Isra'ila suka bayyana cewa zafin rana yana kashe su in an rufe jiƙaƙƙiyar ƙasa da leda. Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Hausa shi ne bazara, watau daga Maris zuwa Mayu. Ga yadda ake yi.

Na fari, a kafce komin, a farfasa hoge, a gauraya ƙasar da kashin kaji, ko ganyen darbejiya, ko ragowar kabeji. In sun ruɓe cikin zafi sukan fitar da tururi mai kashe cutar, su kuma zama taki.

Na biyu, a ba shi ruwa ya jiƙu sarai, gama danshi ne ke kai zafi ƙasa.

Na uku, a shimfiɗa farar leda wadda ake gani ta cikinta, baƙa ba ta kai ta ba. A binne gefunanta, in ta huje a liƙe.

Na huɗu, a bar ta mako 4 zuwa 6. Zafin ƙasar sama yakan kai digiri 45 zuwa 50 na Selsiyus.

In an yaye ledar a bar komin ya sha iska kamar mako 1 kafin shuka. Kada a sake kafce shi da zurfi, gama zafin ba ya nisa, sai a tono cuta daga ƙasa. A kuma wanke fartanya kafin a shigo da ita daga wata gona.

Leda da tsada, saboda haka a fara da komin reno. Ana roƙon dagatai su karanta wa jama'arsu wannan takarda tun bazara ba ta wuce ba.