Ƙafa biyu, feda uku: Dabarar 'dunduniya da yatsu' a tseren motoci

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙasan sitiyarin mota mai giyar hannu, wadda aka fi sani da manuwal, ya ga feda uku a jere: kulochi a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Shi kuwa direba ƙafa biyu Allah ya ba shi. A tuƙin yau da kullum wannan ba matsala ba ce, domin ƙafar hagu tana kula da kulochi, ta dama kuma tana kaiwa da komowa tsakanin birki da totur. Amma a filin tseren motoci akwai lokacin da dole a taka duka ukun a tare, motar kuma tana sheƙa gudu, ga kwana a gaba.

Hanyar da direbobin tsere suka samo don warware wannan matsala ita ce dabarar da ake kira dunduniya da yatsu: ƙafar dama ita kaɗai ta riƙe birki da gabanta, ta taɓa totur da dunduniyarta. Kallo ɗaya za ka ɗauka burga ce kawai. Gaskiyar maganar ita ce, lissafi da kimiyyar da ake koya mana a aji ne ke aiki a ƙarƙashin wannan ƙafa.

Me ya sa ake rage giya kafin kwana?

Wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san cewa idan ya rage gudu alhali sarƙa tana kan babbar giya, sai fedar ta yi masa nauyi, ya kasa tashi da sauri. Haka injin mota yake. Yana ba da ƙarfinsa sosai ne idan yana juyawa da sauri daidai gwargwado. Direban da ya shiga kwana a giya ta huɗu, ya rage gudu, zai fito injinsa na nishi, abokan takara kuma su wuce shi. Saboda haka yana so tun kafin ya karya sitiyari ya riga ya gama birki, ya kuma koma giya ta biyu ko ta uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina matsalar take?

A gaban direba akwai agogon da ke nuna yawan juyin inji a minti ɗaya. Idan kibiyarsa tana kan 3, inji na juyawa sau 3,000 ke nan. Kowace giya tana da adadin juyin da inji zai yi kafin sandar da ke fita daga akwatin giya ta juya sau ɗaya. Mu ɗauki misali don lissafi ya yi sauƙi: a ce a giya ta uku adadin 1.4 ne, a giya ta biyu kuma 2.1. Idan ka raba 2.1 da 1.4 za ka sami 1.5. Ma'ana, idan mota tana tafiya a giya ta uku inji na juyi 3,000, to a daidai wannan gudun, giya ta biyu tana buƙatar juyi 4,500.

To ga inda gizo ke saƙar. Da zarar direba ya taka kulochi, ya raba inji da tayoyi, kuma tunda ƙafarsa ba ta kan totur, sai juyin inji ya faɗo ƙasa, wataƙila zuwa 2,000. Idan ya saka giya ta biyu ya saki kulochi a haka, tayoyin ne za su fizgi injin da ƙarfi daga 2,000 zuwa 4,500. Wannan ita ce girgizar da kake ji idan ɗan koyo yana tuƙi, kowa a mota ya dungura gaba.

A cikin gari abin bai wuce dariya da cinye faifan kulochi ba. A filin tsere kuwa yana iya zama ajali. Lokacin da aka taka birki, nauyin mota yana komawa kan tayoyin gaba, na baya su yi sakayau, riƙonsu da kwalta ya ragu. Idan motar mai ja da tayoyin baya ce, wannan fizga ta inji tana iya sa su zame, bayan motar ya juyo gaba.

Ku tuna tseren miƙa sanda a wasannin makaranta. Mai karɓar sanda ba ya tsayawa cak yana jira. Yana fara gudu tun kafin abokinsa ya iso, har saurinsu ya zo ɗaya, sannan sanda ta canza hannu ba tare da an yi karo ba. Abin da dunduniyar direba ke yi wa inji ke nan: tana sa shi ya fara gudu kafin a miƙa masa tayoyi.

Yadda ƙwararru ke yi

Da farko direba ya ɗauke ƙafar dama daga totur, ya danna birki da tudun da ke ƙasan babban yatsa. Gudu na raguwa, sai ƙafar hagu ta taka kulochi, hannu ya kama sandar giya. A daidai lokacin da giya ke ratsa firi, sai ya murɗa ƙafar dama, dunduniya ko gefen ƙafar ya ɗan doki totur sau ɗaya, inji ya yi “vum”, kibiya ta tashi zuwa inda ake so. Giya ta shiga, ya saki kulochi. Idan an yi daidai, wanda ke zaune a gefe ba zai ji komai a jikinsa ba, sai dai kunnensa ya ji sautin inji ya canza. Duk wannan yana faruwa cikin kusan daƙiƙa ɗaya.

A yawancin motocin zamani birki da totur suna kusa da juna, don haka direbobi da dama ba su ma amfani da dunduniyar sosai. Rabin ƙafa kan birki, gefenta na waje kan totur. Sunan ne dai ya zauna.

Wuyar aikin ba a dukan totur take ba. Tana wajen hana gaban ƙafa motsi yayin da bayanta ke motsi. Idan nauyin da ke kan birki ya ragu ko ya ƙaru lokacin murɗa ƙafar, motar za ta yi tangaɗi, an ɓata abin da ake son gyarawa. Kamar makaɗin kalangu ne: hannu na duka, hammata na matse tsarkiya, kowanne da aikinsa, amma sauti ɗaya ake so ya fito.

Gwanayen da duniya ta shaida

Idan ana zancen wannan dabara, sunan da ake fara ambata shi ne Ayrton Senna, ɗan ƙasar Brazil, wanda ya lashe gasar Formula 1 ta duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991. Akwai wani sanannen bidiyonsa yana tuƙa Honda NSX a filin tsere na Suzuka da ke Japan, an saka kyamara tana kallon ƙafafunsa. Sanye yake da takalmin fata irin na fita unguwa da farar safa, ƙafar dama tana rawa tsakanin birki da totur. Har gobe masu koyon tsere suna kallon wannan bidiyo suna nazari.

A nahiyarmu ma an yi gwanaye a kan motoci masu feda uku. Tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda aka fara a 1953, yana cikin mafi wahala a duniya saboda ƙura da laka da duwatsu. A 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Suwidin, ya lashe shi da Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, mai ja da tayoyin baya. A wannan shekarar ce kuma aka fara harhaɗa irin wannan mota a Kaduna.

Kwamfuta ta karɓi aikin

A 1989 kamfanin Ferrari ya fito da motar Formula 1 wadda ake canza mata giya da ’yan yatsu daga bayan sitiyari, ba tare da taka kulochi ba. Nigel Mansell ɗan Ingila ya ci tseren farko na shekarar da ita a Brazil. Kafin shekarun 1990 su ƙare, sandar giya ta ɓace daga gasar baki ɗaya. A motocin kan titi kuma, Nissan 370Z ta 2009 ta zo da giyar hannu wadda kwamfutarta ke ɗaga juyin inji da kanta duk lokacin da direba ya rage giya. Injiniyoyi sun ɗauki lissafin da ƙafar Senna ke yi, suka rubuta shi a cikin na’ura. Yau dabarar ta fi zama a hannun masu tseren tsofaffin motoci da masu sha’awar giyar hannu.

Wannan ba wasan mota ba ne

Mun san yadda wasu matasa ke ɗaukar motar gida ranar biki ko ranar kammala makaranta, su hau titi suna juyi da ƙarar taya, jama’a na ihu. Wannan kishiyar abin da muke magana a kai ne. Mai dunduniya da yatsu yana wahalar da kansa ne don kada taya ta zame ko kaɗan. Mai wasan mota kuwa zamewar yake nema, a tsakiyar mutane. Direbobin tsere suna koyo ne a rufaffen fili, da hular kwano, da malami, da motar asibiti a gefe. Duk da haka Senna kansa a filin tsere ya rasu, a Imola ta ƙasar Italiya, ranar 1 ga Mayu, 1994, yana da shekara 34.

A kan titi, ƙafar ɗan koyo tana iya sulluɓewa daga birki ta faɗa kan totur. Kuma ku tuna darasin kimiyya: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkawa kusan sau huɗu. Dokar Najeriya ma ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 lasisin tuƙi ba.

Abin da za ka iya yi yanzu ba ya buƙatar makullin motar Baba. Idan ka shiga motar haya, kasa kunne ka ji yadda sautin inji ke tashi idan direba ya rage giya. Idan akwai gareji a unguwarku, roƙi bakanike ya nuna maka faifan kulochi da ya cinye, ka gwada shi da sabo.

Ga kuma aikin gida. A motar misalinmu, jan layin agogon inji, wato iyakar juyin da zai iya ɗauka lafiya, yana kan 6,500. Direba na tafe a giya ta uku, kibiya na kan 5,000. Idan ya koma giya ta biyu nan take, juyi nawa injin zai yi? Wanda ya samo amsar zai gane da kansa dalilin da ya sa birki ke riga kulochi.