Abin da ya kamata ku sani: yadda kwamfuta ke tafiyar da dakon kaya a kogi

A kogin Rhine na Turai, jirgin dakon kaya mai tsawon mita 110 kan ɗauki kusan tan 3,000, lodin da sai tirela fiye da 100 za su kwashe. Ga arha, ga hutar da titi. Abin da ke ci wa wannan sana'a tuwo a ƙwarya shi ne rashin tabbas: ina jirgi yake, nawa ne zurfin ruwa, yaushe za a samu gurbin sauke kaya? Kwamfuta da intanet sun shigo ne don amsa waɗannan tambayoyi.

A 2005 Tarayyar Turai ta kafa doka kan tsarin bayanan kogi na bai ɗaya. Daga Disamban 2014 aka wajabta wa jiragen kasuwanci na Rhine ɗaukar na'urar AIS, mai sanar da sunan jirgi da inda yake da gudunsa. Matuƙi na kallon taswirar kogin a allo, yana ganin jirgin da ke tahowa tun kafin ya sha kwana. Takardun kayan kuwa ta intanet ake tura su, sai tashoshi irin su Rotterdam da Duisburg su tanadi gurbi da injin sauke kaya kafin jirgin ya iso.

Zurfin ruwa ne ya fi komai muhimmanci. A lokacin farin da aka yi a 2018 ruwa ya janye sosai a Kaub ta Jamus, jirage suka koma ɗaukar ƙasa da rabin lodi, har wasu gidajen mai suka rasa fetur. Na'ura ba ta ƙara ruwa, amma hasashen zurfi na 'yan kwanaki masu zuwa kan nuna wa mai jirgi iya lodin da zai yi ba tare da jirgin ya kafe ba.

Wannan darasi ya shafi Najeriya kai tsaye. An ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Baro da ke bakin kogin Kwara a jihar Neja a 2019, amma kogin na sauya zurfi tsakanin damina da rani, yashi kuma na sauya mazauni. Ɗan kasuwa ba zai ba jirgi amanar hatsinsa ko takinsa ba sai ya san ranar isowa. Don haka, bayan yashe kogi da gyara hanyoyin shiga tasha, ya kamata hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta riƙa auna zurfi kullum tana turawa wayar kowane matuƙi, babba da ƙarami.