Ƙyama da ƙyanƙyami: ina amfaninsu, ina ɓarnarsu?

Akwai kalmomi da muke faɗa kullum ba tare da mun tsaya mun rarrabe su ba. Yau za mu duba huɗu daga cikinsu, domin lafiyar gida tana rataye da su.

Ma'anar kalmomin

Ƙyama ita ce zuciya ta ƙi abu, mutum ya ja baya, ba ya son ya gan shi ko ya taɓa shi. Ana ƙyamar mushe, ana ƙyamar amai.

Ƙyanƙyami shi ne ƙyama ta yi yawa har ta zama halin mutum. Mai ƙyanƙyami ba ya shan ruwa da moɗar da wani ya sha. In ya ga jini ko miki sai zuciyarsa ta tashi.

Tsabta aiki ce ta hannu: wanka, wanki, shara da rufe abinci. Ana samun mai ƙyanƙyami wanda ba shi da tsabta. Yana yatsina fuska in ya ga ƙazantar wani, alhali randarsa a buɗe take.

Tsangwama kuwa ita ce ƙyama ta tashi daga kan ƙazanta ta koma kan mutum. A ware masa kwano, a hana shi zama cikin jama'a.

Inda ƙyama take da amfani

Ƙyamar kashi da ruɓaɓɓen abinci tana kare mu. Cikin kashi akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Su ne suke kawo zawo, kwalara da tsutsar ciki. Ƙuda yana sauka kan kashi, sannan ya sauka kan tuwo ko fura.

Amma akwai wuraren da ƙyamarmu ta gaza. Mutane da yawa suna cewa kashin jinjiri ba ƙazanta ba ne. Wannan kuskure ne, shi ma yana ɗauke da cuta. A zuba shi a masai, uwa ta wanke hannu da sabuni. In babu sabuni a cuɗa da toka. Haka nan wanke hannu cikin ƙwarya ɗaya kafin cin abinci: na ƙarshe yana wankewa da dauɗar waɗanda suka riga shi. Gara a zuba wa kowa ruwa da buta.

Inda ƙyama take ɓarna

Kuturta. Ba gado ba ce, ba kuma cin wani abinci yake kawo ta ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe a shekarar 1873. Mutum 95 cikin 100 jikinsu yana ture ta da kansa. Tana warkewa da ƙwayoyin da ake sha wata 6 ko wata 12, kuma tun shekarar 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da su kyauta. Wanda ya kama shan magani ya daina sa wa wasu cutar. Alamarta ta farko tabo ne mai haske a fata, wanda in an taɓa ba a ji. Tsoron tsangwama yana sa mutum ya ɓoye tabon, har cutar ta kashe jijiyoyin hannu da ƙafa. Daga nan wuta ta ƙona shi bai ji ba, ƙaya ta soke shi bai sani ba, yatsu su lalace.

Farfaɗiya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta kumfar baki. Saboda ƙyama jama'a sukan watse in ta kayar da mutum, shi kuwa ya faɗa wuta ko ruwa. Abin yi shi ne a janye shi daga haɗari, a sa masa tsumma ƙarƙashin kai, in jijjiga ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa komai a baki. Akwai maganinta a gidan likita.

Yoyon fitsari. Doguwar naƙuda ce take jawo shi, in kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara. Ba laifin matar ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. Warin yakan sa miji ya sake ta, dangi su guje ta. Amma ana ɗinke yawancinsa da aikin likita. A Danja, kusa da Maraɗi, inda aka daɗe ana jinyar masu kuturta, an buɗe wurin wannan aiki a shekarar 2012. Ana yin sa kuma a Yamai da Damagaram.

Sida ma ba a ɗaukar ta ta gaisawa ko ta cin tuwo kwano ɗaya.

Yadda mai jinya zai yi

Ba a hana kowa jin ƙyanƙyami, haka aka halicci zuciya. Abin da ake so shi ne kada ya hana taimako. In za ka gyara wa majinyaci amai, jini ko miki, ka sa hannunka cikin leda mai tsabta. Ka wanke tufafin da sabuni, ka shanya su a rana. Ka wanke hannu kafin aiki da bayansa. Ka tsare fuskarka, domin majinyaci yana kallon ta, kuma yatsina tana yi masa zafi.

Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In a garinku akwai mai tabo a fata, ko mai farfaɗiya, ko matar da aka ware saboda yoyo, ku karanta musu wannan shafi, ku raka su gidan likita.