Mura ce ko Alaji?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Minna, ko'ina ka juya atishawa kake ji, daga Bosso har Chanchaga. Kowa cewa yake mura ta kama shi. Amma da yawansu ba mura ba ce, alaji ne, wanda wasu ke kira borin jini.

Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, irin wadda likitoci ke kira bairos, kuma nau'inta ya haura 200. Ɗaukarta ake yi daga wani. Takan soma da kartar maƙogwaro kwana 1 zuwa 3 bayan an ɗauka, sai majina mai ruwa wadda daga baya take yin kauri, da kasala. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta yi sallama.

Shi kuwa alaji ba a ɗaukarsa. Garkuwar jiki ce ke ganin abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura, garin furen ciyawa ko burbushin jikin kyankyasai, sai ta tayar da hankali ta saki sinadarin histamin. Shi ne ke kumbura cikin hanci. Babbar alamarsa ƙaiƙayi. Dubi ɗan acaɓan da ya ratso Kpakungu da sassafe: ido ja yana hawaye, atishawa a jere ba hutu, majina tsinkakkiya kamar ruwan famfo, yana ta murza hanci da bayan hannu. Jikinsa babu zafi, abincinsa yake ci sarai. Da ya bar ƙurar sai abin ya lafa, gobe ya dawo. Haka zai yi makonni, kuma baɗi war haka ma ya sake, alhali ko mutum ɗaya a gidansa bai kama ba. Uwargidan da ke soma atishawa da ta kakkaɓe katifa ko ta kunna igiyar leko ita ma ta lura da kyau.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake garzayawa kemis a sayi Ampiclox. Ba ya kashe ƙwayar mura, ba ya kwantar da alaji, asarar kuɗi ce kawai, ga koya wa ƙwayoyin cuta bijire wa magani. Mai mura hutu yake bukata da ruwa mai ɗumi. Mai alaji ya rufe hanci da takunkumi, ya yayyafa ruwa kafin shara, ya tambayi likita game da loratadin ko setirizin. Piriton ma maganin alaji ne, amma yana sa barci, don haka mai tuƙi ya kiyaye.

Zazzaɓi ba halin alaji ba ne. Idan jiki ya yi zafi, a yi gwajin maleriya. Numfashi mai fito ko ƙirji mai ɗaurewa na iya zama asma, tarin da ya wuce mako 2 kuwa yana bukatar gwajin tarin fuka. Mai irin waɗannan alamu kada ya tsaya a kemis, ya wuce Babban Asibitin Minna ko asibitin da ya fi kusa da shi.